Mura ta kama huhu, me ya kai hanta ciki?

Ɗalibar Bayokem: Assalamu alaikum 'yan gida. An ba ni maudu'in semina a sashenmu na bayokem (kimiyyar sinadaran jiki), a kan feroftosis, wato mutuwar sel da ƙarfe ke haddasawa, da lalacewar hanta a cututtukan numfashi na bairos, irin su mura mai tsanani da korona. Na karanta takardu har kaina ya ɗau zafi, amma abu ɗaya ya ƙi shigar min. Bairos ɗin nan a huhu yake zaune. Ta yaya za a ce ƙwayoyin sel na hanta ne ke mutuwa, kuma wai sinadarin ƙarfen da ke jikinmu ne ke kashe su? Ko dai ƙarin gishiri ne na masu neman kuɗin bincike? Likitoci da 'yan lab na gidan nan, a taimaka wa ƙanwarku.

Malam Na-Lab: Wa alaikumus salam. Taɓuwar hanta dai babu ƙarin gishiri a ciki, mu da ke gudanar da gwajin muna gani a takarda. Rahotannin farko da suka fito daga Sin a 2020 sun nuna tsakanin kashi 14 zuwa 53 cikin ɗari na masu korona da aka kwantar, ALT ko AST ɗinsu, wato sinadaran da ake aunawa a jini don gane taɓuwar hanta, ya tashi. A murar H1N1 ta 2009 ma an ga haka. Sai dai yawanci tashin ba mai yawa ba ne, kuma yana sauka da kansa idan mutum ya warke. Ki kuma riƙe wannan: a korona AST yakan fi ALT tashi, shi kuwa AST ba hanta kaɗai ke fitar da shi ba, tsoka da zuciya ma suna da shi. Ba duk lambar da ta tashi ba ce ta hanta.

Likitan Ciki: Ƙanwata, kafin a kai ga ƙarfe, ki zo ki tsaya a gefen gadon mai ciwon huhu mai tsanani ki ƙirga abubuwan da ke dukan hantarsa. Iskar oksijin ta yi ƙasa a jininsa. Hanta kuwa, duk da tana karɓar kusan rubu'in jinin da zuciya ke turawa, kashi uku cikin huɗu na jinin nan daga hanji yake zuwa, an riga an sha oksijin ɗinsa. Kin ga da ma a bakin gaɓa take. Ga garkuwar jiki ta harzuƙa tana zubo sinadaran kumburi. Ga ƙananan jijiyoyi jini na daskarewa a ciki. Ga farasitamol da ya yi kwana da kwanaki yana sha kafin ya zo mana, ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muka ɗora masa, a lokacin korona har da remdesibir, wanda shi ma an san yana ɗaga ALT. Sannan ba mamaki yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba, tunda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya suna da shi. Da wannan taron duka, sai a zo a ce min ƙarfe ne? Ni dai sai na gani a ƙasa.

Malam Mai Alli: Dakta, ranka ya daɗe, abin da ka lissafa duk gaskiya ne, amma tambaya biyu ce ka haɗa. Kai ka faɗi wa ya kai harin. Masu maganar feroftosis suna faɗin yadda sel ɗin ke mutuwa bayan an kai mata harin. Ƙarancin oksijin ɗin da ka ambata, da kumburin, da farasitamol ɗin, duk suna iya bi ta wannan hanyar.

Bari in warware wa ɗalibarmu daga tushe. Tantanin da ya lulluɓe kowace sel da kitse aka yi shi, kuma wani ɓangare na kitsen nan irin mai saurin lalacewa ne idan ya haɗu da oksijin. Kin san man gyaɗar da aka bari a buɗe ya daɗe, yadda yake canza wari ya koma ɗaci? To wannan lalacewar ce ke faruwa a tantanin sel, kuma idan ta fara a wuri ɗaya sai ta riƙa kama na kusa da ita har tantanin ya yage. Abin da ke hura wutar shi ne ƙarfen da ke yawo sakaka cikin sel, wanda ba a ɗaure shi ba. Tun 1894 Henry Fenton ya nuna yadda ƙarfe ke haɗuwa da haidurojin feroksaid su zama abu mai cin duk abin da ya taɓa.

Sel tana da mai gadi, wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin sel, da ake kira GPX4. Aikinsa ya bi kitsen da ya fara lalacewa ya kashe dafinsa. Yana buƙatar abu biyu: seleniyam a jikinsa, da gulutatayon, wani sinadarin kariya da sel ke haɗawa, wanda yake ƙonawa a aikin. Idan gulutatayon ya ƙare, ko GPX4 ya raunana, ga kuma ƙarfe a sake, sel ta tafi. Scott Dixon da Brent Stockwell na Jami'ar Kolombiya a Amurka su suka bayyana wannan a matsayin hanyar mutuwa mai zaman kanta a 2012, a mujallar Cell, kuma a 2014 aka tabbatar GPX4 ne babban mai tsare ƙofar. Abin da ya sa aka yarda daban take shi ne, magungunan da ke hana sauran nau'o'in mutuwar sel ba sa hana ta, amma in ka ɗaure ƙarfen, ko ka sa abin da ke tare lalacewar kitse, sai sel ɗin ta rayu.

Ɗalibar Bayokem: Na gode Malam. To me ya sa hanta musamman? Ai kowace sel tana da tantani.

Malam Mai Alli: Don ita ce ma'ajiyar ƙarfen jiki, kuma ita ce mai ba da umarni a kansa. Baligi yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe, kusan kashi biyu cikin uku a jajayen ƙwayoyin jini, ajiyar kuma mafi yawa a hanta, cikin wani furotin mai suna feritin wanda guda ɗaya kan iya riƙe ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500. Jiki ba shi da hanyar zubar da ƙarfe da gangan, miligiram 1 zuwa 2 kawai ke fita a rana ta saɓar fata da ta hanji da zubar jini.

Yanzu ga inda huhu ya shigo. Da cuta ta kama, garkuwar jiki na sakin wani ɗan saƙo, IL-6. Saƙon na isa hanta, sai ta ƙara fitar da hefsidin, sinadarin da take sarrafa ƙarfen jiki da shi. Shi kuma hefsidin sai ya bi ƙofar da ƙarfe ke fita daga sel, ferofotin, ya rushe ta. Dabara ce ta hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe a jini, kuma dabara ce mai kyau in cutar ta kwana biyu ce. Amma ƙarfen ina ya tafi? Yana nan a kulle cikin sel, har da na hantar kanta. Ga ƙarfe ya taru, ga zazzaɓi da rashin cin abinci sun cinye gulutatayon. Bairos bai buƙaci ya taka ƙafarsa a hanta ba.

Malam Na-Lab: Wannan na ƙarshen akwai hujja a kansa tun kafin a san feroftosis. A 2006 masu bincike a Jami'ar Rochesta sun nuna ɓerayen da aka sa wa murar infuluwenza sun yi kumburin hanta alhali ba a sami bairos ɗin a hantar ba. Sojojin garkuwar jiki ne da aka tayar saboda huhu suke maƙalewa a hanta su yi ɓarna. A korona kuma, ACE2, furotin ɗin da bairos ɗin ke kamawa ya shiga sel, ya fi yawa a sel ɗin magudanan ruwan maɗaciya fiye da ainihin sel ɗin hanta.

Likitan Ciki: Madalla. Kun ga kun taimake ni. Binciken Rochesta garkuwar jiki ya kama da laifi, bai ce ƙarfe ba. Malam, bayaninka ya yi daɗi a allo, amma nuna min ɗan Adam. Ɓera na ji, sel a faranti na ji.

Malam Mai Alli: A huhu akwai ɗan Adam, Dakta. A 2024 ɗakin binciken Stockwell ya wallafa a mujallar Nature Communications cewa sun duba huhun mutanen da korona ta kashe, sun sami tarin ƙarfe da alamomin lalacewar kitse irin na feroftosis, sannan suka gwada a wasu dabbobi dangin ɓera suka ga maganin tare feroftosis ya rage ɓarnar huhu. A hanta kuwa, na yarda yawancin hujjar ta dabbobi ce. Amma ba ƙaramar hujja ba ce. An cire wa ɓeraye GPX4 daga hanta kaɗai, suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa da lalatacciyar hanta, da aka ƙara bitamin E a abincin iyayen sai 'ya'yan suka rayu. Wannan ya nuna hanta kullum tana kan wannan haɗarin, mai gadin ne ke riƙe da ita.

Likitan Ciki: Ya nuna za ta iya mutuwa ta nan. Bai nuna ta nan take mutuwa a majinyacina ba. Kuma dalilin ƙarancin hujjar a bayyane yake: babu likitan da zai soka allura ya yanko hantar mutumin da ke fama da numfashi don ALT ya ninka biyu. Jinin da ke hannunmu kuma ba ya faɗa maka ta wace hanya sel ta mutu.

Sarkin Musu: Ni fa ban ga abin jayayya ba. Ai kowa ya sani a lokacin korona duk wanda ya yi tsanani feritin ɗinsa sama yake, wasu har dubbai. Feritin ƙarfe ne. Ƙarfe ya yi yawa ke nan. A ba su maganin cire ƙarfe a huta mana.

Malam Na-Lab: Sarki, a nan mutane da yawa ke zamewa. Feritin yana tashi da kowane irin kumburi, ko da mutum ba shi da ƙarfen kirki a jiki. Yana kuma tsiyayowa daga sel ɗin hantar da suka riga suka fashe, ka ga wani lokacin sakamakon ɓarnar ne, ba sanadinta ba. In ka gwada ƙarfen da ke yawo a jinin mutumin nan mai feritin dubu biyu, sau da yawa ƙasa za ka same shi, saboda hefsidin ɗin da Malam ya yi bayani. Na sha ganin takarda ɗaya: feritin a sama, ƙarfen jini a ƙasa, haemoglobin yana sauka. Mai karanta layi ɗaya kawai zai yanke hukunci biyu masu karo da juna, ya danganta da layin da idonsa ya fara faɗawa.

Famasis ɗin Unguwa: Kuma maganin cire ƙarfen ba alewa ba ne. Deferoksamin yana buɗe ƙofa ga wata muguwar cutar fangas, mukomaikosis, don fangas ɗin yana iya zare ƙarfen daga jikin maganin ya ci. Wannan cutar ce ta addabi masu korona a Indiya a 2021, galibi masu ciwon suga da aka ba magungunan siteroyid. Ka ɗauki irin wannan majinyacin ka ƙara masa deferoksamin? Deferasiroks kuma shi kansa yana iya taɓa ƙoda da hanta. Su ferostatin da lifrokstatin, masu tare feroftosis da kuke gani a takardun bincike, kayan ɗakin gwaji ne, babu wanda aka amince a ba mutum.

Amma ni abin da ke damuna daban ne, kar a bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya zo da mura. Ya sha farasitamol biyu da safe. Ya sayi maganin mura na kwali, bai karanta ba, akwai farasitamol miligiram 500 a kowace ƙwaya. Da yamma ya je wani kemis a ƙulla masa haɗi a leda, da farasitamol a ciki. Da dare ciwon jiki ya dame shi ya ƙara wani. Iyakar baligi mai lafiya giram 4 ne a rana, ƙwaya 8 ke nan, kuma wanda ba ya cin abinci ko mai ciwon hanta bai kamata ya kai nan ba. Kullum sai na tambayi mai sayen maganin mura me ya riga ya sha, wasu har haushi suke ji.

Malam Mai Alli: Famasis, ka kawo mu daidai inda maganata da ta Dakta suka haɗu. Hanta tana juya wani ɓangare na farasitamol ya zama dafi, NAPQI, kuma abin da take kashe dafin da shi gulutatayon ne, wannan dai da GPX4 ke jira. Maganin da ake ba wanda farasitamol ya yi wa yawa, asetilsistin, aikinsa ya mayar da gulutatayon. Ƙari a kan haka, sel ɗin da ke can ƙarshen magudanar jini a cikin hanta, kewaye da jijiyar tsakiya, su ne mafi ƙarancin oksijin, su ne mafi ƙarancin gulutatayon, kuma su ne suka fi yawan enzayim ɗin da ke haifar da NAPQI. Ƙarancin iska da farasitamol wuri ɗaya suke duka. Ko feroftosis ce ke ƙarasa su a gubar farasitamol, masana na jayayya har yanzu, wasu na cewa sai in da ma ƙarfe ya yi yawa a hantar.

Ummu Sadik: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Ɗana mai sikila ne, an sha yi masa ƙarin jini, kuma duk sanyin hunturu sai ya yi mura mai sauka a ƙirji. Maganar nan ta tayar min da hankali. Shi yana cikin waɗanda ƙarfen ya yi wa yawa ke nan?

Likitan Ciki: Hajiya, tambayarki ta fi duk abin da muka tattauna amfani. Kowace leda ɗaya ta jini tana shigo da ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba ya iya fitar da shi, sai ya tara a hanta. Wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa zai iya tara ƙarfe na gaske, ba irin na kumburi ba. Ki faɗa wa likitansa na asibitin sikila adadin ledojin da ya karɓa, ki nemi a duba feritin ɗinsa lokacin da yake lafiya lau, ba lokacin zazzaɓi ko tashin ciwo ba, don a lokacin lambar ruɗi ce. In ya yi yawa, irinsa ne aka yi maganin cire ƙarfe dominsu, a ƙarƙashin kulawa. Kar ki ba shi maganin ƙarin jini na kwalba mai ƙarfe sai an gwada an ce yana buƙata, folik asid ɗinsa daban ne, ya ci gaba da sha. Kuma mura mai zazzaɓi da ciwon ƙirji ko saurin numfashi a mai sikila ba ta zaman gida ba ce, a kai shi asibiti a ranar.

Ummu Sadik: Allah Ya saka da alheri Dakta. Kakarsa ce ma ke sayo masa tonik ɗin duk sanda ta ga ya yi fari. Zan yi mata bayani a hankali.

Baba Tsohon Nas: Allah Ya ba shi lafiya. 'Ya'yana, tun kafin a haifi wasunku mun san mura na iya kai wa hanta. Akwai ciwon da Douglas Reye ya bayyana a Ostareliya a 1963: yaro ya yi mura ko ƙarambau, ya fara samun sauƙi, sai amai ba ƙaƙƙautawa, sai ruɗewa, hanta ta cika da kitse, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Daga baya aka gano yana da alaƙa da ba yara asfirin, da aka daina sai ciwon ya kusa ɓacewa. Ba ƙarfe ba ne wannan, injinan samar da kuzari na sel ne ke lalacewa, amma ina so iyaye su ji: ba a ba yaro mai mura asfirin, kuma a duba hodar ciwon kai ta takarda, wasu da asfirin a ciki.

Mai Shagon Zuma: To tunda an ce seleniyam da bitamin E ne ke kare sel, ba sai mutum ya riƙa sha ba da zarar mura ta kama shi? Ina da masu tambayata.

Malam Mai Alli: Wanda yake da ƙaranci, cikewar tana da amfani. A yankin Keshan na Sin, inda ƙasa ba ta da seleniyam, an yi fama da ciwon zuciya da ya ragu sosai da aka ba mutane shi, kuma aikin Melinda Beck a Amurka ya nuna infuluwenza ta fi yi wa ɓerayen da ba su da seleniyam illa. Amma wanda GPX4 ɗinsa ya riga ya ƙoshi, ƙari ba ya ƙara masa gadi, seleniyam kuma in ya yi yawa guba ne, yana zubar da gashi ya lalata farce. Kifi, ƙwai, nama da gyaɗa sun ishi mai lafiya.

Anti Ungozoma: Don Allah kafin wani ya kwafi rabin hirar nan ya watsa a WhatsApp. A wajenmu ƙarancin ƙarfe ne ke kwantar da mata, ba yawansa ba. Mai juna biyu da aka ba jan ƙwaya a awo ta ci gaba da sha, Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 30 zuwa 60 ta ce a kullum tare da folik asid. Da ƙyar muke shawo kansu su sha, kar gobe wata ta zo ta ce min ta ji ƙarfe na kashe hanta.

Famasis ɗin Unguwa: Gaskiyarki Anti. Lokaci ne abin dubawa. Ana tsakiyar zazzaɓi hefsidin ya rufe ƙofar hanji, ƙarfen da aka sha ma ba ya shiga sosai. Kuma gwajin da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar, wanda aka wallafa a 2006, an dakatar da ba yara ƙarfen kafin lokaci saboda an ga kwanciya asibiti da mutuwa sun ƙaru a wurin da maleriya ta yi katutu. Shi ya sa ake haɗa shi da rigakafi da maganin maleriya. A yi maganin cutar, in an warke a gwada jini, sannan a yi zancen tonik.

Ɗalibar Bayokem: Na cika shafi huɗu. Dakta, tambaya ta ƙarshe, don na san malamaina za su yi min ita: wace hujja ce za ta sa ka yarda?

Likitan Ciki: Abu biyu. A nuna min a hantar mutanen da cutar numfashi ta kashe cewa alamomin lalacewar kitse, irin su 4-HNE, da tarin ƙarfe suna nan daidai wurin da sel suka mutu, a kuma kwatanta da waɗanda suka yi jinya mai tsanani irin tasu ta wani dalili daban, don a ware aikin bairos daga aikin ƙarancin iska da magunguna. Na biyu, a sami maganin tare feroftosis da mutum zai iya sha, a raba majinyata gida biyu, a ga ko hantar waɗanda suka sha ta fi tsira. Kafin nan, a seminarki ki ce hanya ce mai yiwuwa da ke da hujja mai ƙarfi a dabbobi. Kar ki ce ita ce sanadi.

Malam Mai Alli: Ki ƙara da cewa a huhun ɗan Adam an riga an cika sharaɗinsa na farko.

Likitan Ciki: A huhu, Malam. Ita kuma hanta aka ba ta.

Ɗalibar Bayokem: Zan sa duka biyun a allo ɗaya in bar su su yi ta musu. Malam Na-Lab, in ba damuwa ka turo min hoton irin takardar nan mai feritin a sama da ƙarfe a ƙasa, a goge suna da lambar majinyacin.

Malam Na-Lab: Ta majinyaci ba za ta fita daga lab ba ko an goge suna. Zan zana miki misali da hannu, da lambobin da aka saba gani, in turo miki bayan la'asar.